Yawon Buɗe Ido ko Aikin Buɗe Ido?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da ta ɓarke a ajinmu na fassara makonnin baya. Malaminmu ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin tafinta a wajen makaranta, sai na ɗaga hannu na ce na taɓa bin wata tawagar Kiristoci masu aikin ido kyauta zuwa Jamhuriyar Nijar. Ban rufe baki ba wani abokina ya ce ai wannan yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar likita. Wata 'yar'uwa kuma ta ce tarko ne ake ɗana wa talaka da magani domin a raba shi da addininsa. Lokacin darasi ya ƙare ban ba su amsa ba, shi ya sa na kawo amsar nan, ko da yake na san ba za ta yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba, har da ni mai ba da ita.

Ra'ayina shi ne, irin wannan tafiya tana da amfani ƙwarai da gaske, amma amfanin nata ya rataya a kan wani abu da ba a cika kula da shi ba. Dole majinyaci ya ji gaskiyar halin da idonsa yake ciki da harshen da yake ganewa, ya kuma tabbata ba a binsa bashin komai saboda aikin da aka yi masa. Wanda wannan nauyi ya hau wuyansa kuwa shi ne tafinta, wato ni da kai, ɗalibin harshe.

Ni Bayarabe ne, kuma Kirista. Na fara koyon Hausa a kwalejin ilimi, na goge ta a bakin 'yan kasuwar Sabo ta Ibadan. A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ina zaune a gida ba aikin fari balle na baƙi, sai wani likita ɗan cocinmu ya gaya mini suna neman mai jin Hausa da Turanci da zai raka su Nijar na kwana goma a watan Maris. Muka bi ta Kano da Katsina, muka ƙetare iyaka a Jibiya, muka wuce Ɗan Isa da Maraɗi, muka sauka a wani gari na ƙasar Gobir. A tawagar akwai likitocin tiyata biyu, ɗaya ɗan Nijeriya ɗaya daga Amurka, da masu gwajin tabarau, da 'yan sa-kai irina. A can muka haɗu da ma'aikatan lafiya 'yan ƙasar waɗanda asibitin garin yake hannunsu.

Ranar farko na gane cewa Hausar aji daban take da Hausar bakin asibiti. Na ji "lahiya" a maimakon "lafiya", da "shina" a maimakon "yana". Na ji mutum ya ce ya tafi likita, ashe asibitin yake nufi. Lissafin kuɗi ma ya kusa ja mini abin kunya, domin a can da dala ake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In ma'aikaci ya rubuta sefa 500, kai kuma ka ce wa tsoho "ɗari biyar", to shi 2,500 ya ji, mai yiwuwa ya haƙura da maganin ya koma gida. Abin da ya sassauta mini shi ne wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Wata tsohuwa da ta ji karin harshena ta tambaye ni asalina, da na faɗa mata sai ta tafa hannu ta ce, "Ashe bawana aka kawo mini! To zo ka riƙe mini sanda." Layi ya kwashe da dariya, daga ranar kuma ba wanda ya ƙara jin nauyin gyara mini magana.

Kafin in je ga kurakurai, bari in ba aikin haƙƙinsa, domin mai cewa yawon buɗe ido ne kawai bai ga layin nan ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kimanin kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Abin takaicin shi ne kashi 84 na makantar irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. A Nijeriya aka yi binciken, amma shingen kwastan da ke Jibiya bai raba cuta ba, abin da ke damun tsohon Katsina shi ke damun tsohon Maraɗi.

A cikin idon ɗan'adam akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar gilashi wadda haske ke ratsawa. In shekaru suka ja sai ta dushe ta yi fari, wannan ita ce yana. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya ɗan tsaga gefen idon, ya zaro ƙwayar da ta dushe, ya sa ta roba a gurbinta. A hannun gwani aikin bai cika wuce minti goma sha biyar ba, majinyaci kuma idonsa biyu har a gama. Washegari ake cire bandeji. Na ga tsohuwar nan mai kirana bawa, wadda ta shekara uku jikarta na jan ta, an cire mata bandeji ta dubi zanen da ke jikinta ta ce, "Wa ya ɗaura mini wannan tsumma?" Yarinyar da ke yi mata jagora shekarunta ba su wuce tara ba, kuma saboda jagorancin ne ba ta zuwa makaranta. Mutum biyu aka 'yanta da aiki ɗaya. Na kuma ga tela da malamin allo da suka daina sana'a saboda ƙaramin rubutu da kafar allura sun ɓace musu, tabarau na karatu kawai suke bukata. Duk wanda ya ga wannan ba zai raina aikin ba.

To ina tafinta ya shigo? Tun daga tambayar farko. Bahaushe ba ya cewa "ba na gani" ya yi shiru. Wani zai ce yana gani hazo-hazo, wani biji-biji, wani ya ce dundumi yake yi da zarar magariba ta yi. Wani idonsa ƙaiƙayi yake, wani zogi, wata kuma gashin idonta ne ya juya ciki yana sukar ta, har tana yawo da matsefata tana tsige shi, wanda alama ce ta amosanin ido da ya daɗe. In na dunƙule duk waɗannan na ce wa likita mutumin ba ya gani sosai, na zubar da rabin abin da zai taimake shi gane cutar. Haka nan mutane da yawa suna haɗa yana da hakiya, alhali hakiya tabo ne a fuskar ido, aikin yana ba ya cire ta. Sunan "hawan jinin ido" ma yana ruɗar da jama'a. Wasu suna ɗauka maganin hawan jini da suke sha ya wadatar, nan kuwa ruwan cikin ido ne yake taruwa ya matse jijiyar gani har ya kashe ta sannu a hankali, galibi ba tare da zafi ba. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. A kan wannan cuta ce na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa.

A rana ta uku aka shigo da wani dattijo, jikansa na riƙe da bakin sandarsa. Daga ƙauye mai nisa ya taso a amalanke saboda ya ji labarin ana buɗe ido. Likita ya duba shi ya daɗe, sannan ya gaya mini cewa jijiyar idon dama ta mutu, na hagu kuma saura ɗan gani kaɗan, tiyatar yana ba za ta amfane shi ba, maganin ɗigawa ne kawai zai tsare abin da ya rage. Na dubi dattijon na ga yana murmushi yana jira, sai bakina ya yi nauyi. Na ce, "Baba, likita ya ce ba sai an yi aiki ba. Ga magani ka riƙa ɗigawa safe da yamma, in Allah ya yarda za a sami sauƙi." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi yi maka albarka, ɗana." Likita bai ji Hausa ba, ya ga tsoho na godiya, ya ɗauka saƙo ya isa.

Wata malamar asibiti 'yar garin, wadda ta haife ni a shekaru, ita ce ta ji mu. Ta ja ni gefe ta ce, "Kai yaro, ka san abin da ka yi? Tsohon nan ya ji cewa zai gani. In ya ƙare kwalba ɗaya bai ga canji ba zai ce maganin banza ne ya yar da shi, ya sayar da akuyarsa ya nemi mai tsinke. Ɗan ganin da ya rage masa ka kashe ke nan." Masu tsinke da take nufi su ne masu aikin yana na gargajiya, waɗanda suke soka abu mai tsini su tura ƙwayar idon ta faɗa ciki. Binciken nan na Nijeriya ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi, kuma mafi yawansu ba su sami gani mai amfani ba.

Na fita na same shi a gindin bedi, wato darbejiya, yana jiran amalanke. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban faɗa maka magana daidai ba. Idon dama ya riga ya tafi, babu aiki ko magani da zai dawo da shi. Na hagu kuwa, maganin nan ba zai ƙara maka gani ba, zai tsare wanda ya rage ne in ka riƙe shi iyakar rayuwarka. Kuma likita ya ce ciwon yana bin jini, a kawo 'ya'yanka da ƙannenka a auna su." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Ɗana, na fi shekara saba'in ina jin magana mai ɗaci, ba ta kashe ni ba. Ta farkon ta fi daɗi, amma wannan ce zan iya zuwa gida da ita." Bayan kwana biyu 'ya'yansa maza biyu suka zo, aka sami ɗaya da ciwon tun bai yi masa ɓarna ba.

Hausawa na cewa gaskiya ɗaci gare ta, harshen Hausa kuma yana cike da hanyoyin rage wannan ɗaci: "da sauƙi", "sai haƙuri", "Allah ya kawo sauƙi". Kalmomi ne na ladabi, ba na cewa a yar da su. Sai dai tafinta ya sani cewa ladabi yana iya zama ƙarya in ya ɓoye abin da mutum zai yanke shawara a kansa. Ni kaina nake ji wa tausayi a ranar, domin ba na so in zama mai kawo mummunan labari, sai na laƙaba wa tsorona sunan tausayin tsoho.

Yanzu bari in taɓo maganar da 'yar'uwata ta kawo, ta tarko. Ba zan ce zarginta ba shi da tushe ba. A zamanin mulkin mallaka Turawa sun hana 'yan mishan shiga yawancin ƙasashen sarakunan Musulunci na Arewa, kuma ta ƙofar asibitocin kutare suka sami shiga a shekarun 1930. Saboda haka tun asali magani da wa'azi tare suka zo, jama'a kuma ba su manta ba. A tafiyarmu ma, safiyar farko kafin a raba katin ganin likita, wani daga cikin baƙinmu ya tsaya ya yi ɗan wa'azi, ni kuwa na fassara da babbar murya ina jin daɗin Hausata. Da aka gama wani mutum ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Ɗana, in mutum bai ce amin ba, za a ba shi kati?"

Tambayar nan ta hana ni cin abincin rana. Mutanen nan wasunsu a bakin asibitin suka kwana. Ba mai iya tashi ya bar layi, domin in ya tashi ya rasa damar da mai yiwuwa ba za ta sake zuwa ba. Wanda ba shi da ikon tashi kuwa, zamansa ba ya nuna ya yarda ya saurara. Da dare na kawo maganar a taronmu, aka yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce ai bishara ce ta fito da mu daga gidajenmu, in an cire ta me ya raba mu da kowace ƙungiyar agaji? Daga bisani shugaban tawagar ya yanke cewa kati za a fara rabawa, mu yi addu'armu a masauki kafin mu fito, wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu mu faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, wanda ya nemi a yi masa addu'a a yi masa. Aka kuma sa ni in sanar kowace safiya cewa mu Kiristoci ne, aikin kyauta ne, ba a neman komai daga kowa.

Ga 'yan'uwana Kiristoci da suke ganin wannan ja da baya ne, ina tunatar da su labarin Bartimawas makaho a babi na 10 na Linjilar Markus. Yesu ya fara tambayarsa abin da yake so ne, bai kuma gindaya masa wani sharaɗi ba kafin ya warkar da shi. Imanin da aka karɓa a hannun mai neman kati ba na tsammanin yana da daraja a wurin Allah. Ga 'yan'uwana Musulmi kuma, ina roƙon kada su yi wa kowa kuɗin goro. Asibitin ido na mishan da ke Kano tun 1943 yake aiki, asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Nijar kuma tun 1950, dubban Musulmi sun shiga sun fito da lafiyarsu da addininsu. Limamin garin da muka sauka shi ya ba ni labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ɗaya daga cikin ladanan Annabi (SAW), wanda Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa. Na fahimci cewa darajar makaho abu ne da addinan biyu suka haɗu a kai, kuma a kan wannan daraja ya kamata a gina aikin.

Zuwa wurin limamin ma larurar aiki ce ta kai mu. Bayan tiyatar yana sai an yi makonni ana ɗiga magani sau da yawa a rana, a kiyaye ruwa da ƙura da hayaƙi, a bar sa kwalli, a guji ɗaukar kaya mai nauyi. Takardar umarnin da tawagarmu ta zo da ita da Turanci da Faransanci take, yawancin majinyatan kuwa ba sa karanta ko ɗaya. Bugu da ƙari, tambayoyin da suke yi ba sa cikin takardar sam. Yaya zan yi alwala? Zan iya sujada? Ga azumi nan tafe farkon watan Afrilu, ɗigon maganin da nake jin ɗacinsa a maƙogwaro fa? Mata kuma suna tambayar daka da hayaƙin murhu. Ni ba malamin addini ba ne, likitan Amurka kuma bai taɓa tunanin waɗannan abubuwa ba. Sai malamar asibitin nan ta kai ni wurin liman, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, mun zo neman taimako." Ya zo da kansa ya yi wa majinyata bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya, ita kuma ta nuna musu yadda ake danne lungun ido na wajen hanci bayan an ɗiga magani domin kada ya gangara maƙogwaro. Da ba a yi haka ba, na tabbata da yawa za su ajiye kwalbar ranar da aka ga wata.

A nan ne maganar abokina ta yawon buɗe ido take da ƙamshin gaskiya. Na ga ɗan sa-kai da bai iya komai na aikin ba sai ɗaukar hoton tsofaffi da bandeji a fuska, ba tare da ya nemi izninsu ba, yana sakawa a Facebook. Kuɗin jirgin da ya kawo shi daga ƙasarsa da ya biya wa mutane da dama tiyata. Har ila yau, tawagogi irin namu sun fi son ƙidaya yawan idanun da aka yi wa aiki, domin shi ke daɗaɗa wa masu ba da gudummawa rai. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa kuwa shi ne, aƙalla 80 cikin idanu 100 da aka yi wa aikin yana su sami gani mai kyau, waɗanda aikinsu ya ɓaci kada su kai biyar. Ba a sanin wannan sai bayan makonni, lokacin da baƙi sun daɗe da komawa gida. Mu kwana goma muka yi. Wadda ta ci gaba da duba mutanen nan, ta gano wanda idonsa ya kumbura ta tura shi Maraɗi, ita ce malamar asibitin da ba ta fito a hoton kowa ba.

Manyan nasarorin da aka ci a kan makanta a yankinmu duk da daɗewa aka ci su. Akwai wata makanta da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, wadda ta taɓa tashin ƙauyuka a Afirka ta Yamma. An fara shirin yaƙi da ita a 1974 ta hanyar feshin magani a koguna, kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta a 1987, amma sai a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi. Shekara hamsin ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Don haka tawagar da ta zo ta jingina da ma'aikatan ƙasa, ta koya musu abin da ta sani, ta bar musu kayan aiki, ta kuma dawo ta tambayi yadda majinyatanta suka ƙare, ita ce ta yi aikin buɗe ido. Wadda ta zo ta yi ƙidaya ta ɗauki hoto ta wuce, ita ce ta cancanci sunan da abokina ya raɗa.

To mene ne namu a ciki, mu ɗaliban Hausa? Na ɗaya, ina roƙon sashenmu ya sa tafintar asibiti a cikin darasin fassara. Mun iya fassara jawabin gwamna da labarin jarida, amma kaɗan daga cikinmu ne za su iya bambanta zogi da raɗaɗi a gaban likita. Na biyu, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana iya zama da ma'aikatan ido da dattawan Hausawa ta tattara kalmomin ciwon ido, tare da nuna inda karin Kano ya saɓa da na Sakkwato da na Gobir. Na uku, mu naɗi umarnin bayan tiyata da murya, a tura wa majinyata ta wayar hannu, domin wanda bai iya karatu ba, ko wanda idonsa ke ɗaure, kunnensa a buɗe yake. Na huɗu, duk wanda aka gayyata tafinta irin wannan ya yi tambaya kafin ya hau mota. Wa zai duba majinyata bayan mun tafi? Ana neman iznin mutum kafin a yi masa aiki ko a ɗauki hotonsa? Akwai wani sharaɗi a kan katin?

Kuma ba sai an ƙetare iyaka ba. Hausawan Sabo a Ibadan da na Agege a Legas da na Ama Hausa a Owerri suna zuwa asibitocin da likitocinsu ba sa jin Hausa. Sau da yawa yaro ƙarami ko ɗan acaɓan da ya kawo mara lafiya shi ake kamawa ya yi tafinta. Mu da muka koyi Hausa a kan harsunanmu na gado muna da abin da wuraren nan suke bukata, domin muna jin harshen likita muna jin na majinyaci. A shekarar 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda ke nuna cewa fagen aikin mai wannan harshe sai ƙara faɗi yake yi. Masu tambayarmu me za mu yi da digirin Hausa, ga amsa ɗaya nan.

Daga ƙarshe, ina kira ga abokina da 'yar'uwata da su ci gaba da yin tambayoyinsu, domin irin waɗannan tambayoyi ne suke gyara tawagogin. Abin da nake roƙo kawai shi ne, in dama ta samu su zo mu tsaya tare tsakanin likita da majinyaci, ko da na yini ɗaya ne. Ni dai in aka sake kirana zan tafi, kuma in aka kawo mini wani dattijo irin na gindin bedi, gaskiya zan fara faɗa masa, sannan in bi ta da addu'a in ya so. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana idanunmu, ya kuma sa mu yi amfani da harshen da muka koya ta hanyar da ta dace, amin.